Ɗan Alkalawa, Geron da Na Bi Har Nijar

Tun da na dawo daga Nijar ban samu sakat ba. A ɗakin malamai tambaya, a majalisarmu ta bakin kasuwar Isa tambaya, har mai shayin da nake karyawa wurinsa sai da ya ce in ba shi labari. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne tsarabar. Wai mutum ya nemi izinin kwana biyar a tsakiyar zangon karatu, ya ƙetare iyaka, ya dawo ba cuku ba kilishi, sai zangarniyar gero goma sha biyu, su ma gajeru. Da na nuna hotonsu a waya, Malam Sani mai koyar da lissafi cewa ya yi ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya sauka a kansu. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Sunana Nasiru, malamin aikin gona ne ni a wata makarantar sakandare a Isa, amma asalina Gangara ne, a ƙasar Sabon Birni. Darasin da na fi ji da shi shi ne wanda nake nuna wa yara cewa abu biyu ne ke haɗuwa su ba tsiro kamanninsa: abin da ya gada, wanda ke kwance cikin ƙwayar iri, da abin da wurin da ya tsiro ya yi masa, wato ƙasa da ruwa da rana da taki. Kowace shekara nakan sa su shuka wake iri ɗaya a gwangwani biyu, ɗaya yashi tsura, ɗaya yashi da taki. Bayan mako uku sai in tsaya gaban allo ina hura hanci, in ce, "Kun gani ko? Uwa ɗaya uba ɗaya, amma wannan ya yi ɓulɓul, wancan ya rame." Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Ku riƙe shi a ranku, don zai dawo ya kunyata ni nan gaba.

A gidanmu akwai wani gero da ake kira ɗan Alkalawa. Baba yana cewa kakanninsa ne suka fito da shi daga Alkalawa, tsohon birnin Gobirawa. Ban san ko haka ne ba, haka dai na taso na ji. Zangarniyarsa doguwa ce, kamu biyu, in aka ɗaura dami sai ƙato ke ɗauka. Ni ne kuma na raba Baba da shi. Shekarar da na gama kwaleji na dawo kaina cike da boko, na ce masa geron nan yana daɗewa bai nuna ba, ga damina ta fara gajarcewa, ga kuma sabon iri mai saurin nuna. Ban yi ƙarya ba, sabon irin ya yi mana amfani. Amma cikin 'yan shekaru aka daina ware irin ɗan Alkalawa, ɗan abin da ya rage a rumbu kuma aka cinye shi a shekarun da ba a iya zuwa gonakin nesa. Baba bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ni kuwa shirun nasa ya daɗe yana damuna.

Bara idanunsa suka yi rauni, har ya zama inuwar mutum kawai yake gani. Ya daina zuwa gona, ya rage magana, abinci ma sai an matsa masa. Wata Juma'a da na je gaishe shi aka kawo fura, ya kurɓa sau biyu ya ture ƙwaryar.

"Wagga hura ba ta da rai, Nasiru," in ji shi. Can ya ce, "Da dai in sake riƙa ɗan Alkalawa ga hannuna kahin Allah Shi yi ikonSa."

Sai ya ci gaba, ya ce ranar da aka kai ƙanwarsa Hassi gidan miji a Nijar, shekara arba'in da wani abu, mahaifiyarsu ta cusa mata zangarniya biyu cikin kayan ɗaki. "In Hassi na nan awa yadda nis san ta, ba ta yada shi ba."

Na ce za ni. Na tambaye shi da me za ni gane geron, ya juyo da fuska wajena kamar na tambayi sunan garinmu. "Kamu biyu na, kai ma ka sani." Gaskiyar magana ita ce daga nesa na san shi. Kaka kullum a makarantar kwana take riske ni, ban taɓa girbe shi da hannuna ba. Tsawon nan kaɗai na riƙe, shi ya sa da za ni tafi na jefa tef ɗin awo cikin jakata.

Na bar Isa da hantsi, don a hanyarmu yanzu ba mai sammako ba mai yamma, kowa ya san dalili. Direbanmu duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai ya rage gudu ya leƙa, "Hanya lahiya?" Mu kuwa fasinja kowa ya yi tsit yana jan carbi. Muna wuce wani kurmi da ba a son tsayawa, sai hira ta ɓarke gaba ɗaya kamar an buɗe famfo, har wata mata ta fito da gyaɗa tana rabawa. A Sabon Birni na hau ɗan kabu-kabu zuwa bakin iyaka. Ya ce mini ya san hanyar kamar tafin hannunsa, kuma na yarda, don ya san daidai ramin yashin da ya kayar da mu. Ba wanda ya ji ciwo. Na tashi ina kakkaɓe riga, shi kuma yana ba babur ɗin haƙuri kafin ya tuna da ni.

Ita iyakar ba ta da wani kwarjini. Igiya ce tsakanin ganga biyu, sai rumfar kara. Ta wajenmu hannu kawai aka ɗaga mana. Ta wajensu wani jandarma siriri ya tsayar da ni, da zanen Gobirawa a kumatunsa irin na Baba sak. Ya fara zuba mini Faransanci, da ya ga na buɗe baki ina kallonsa sai ya dawo Hausa, ya karɓi katina, ya zazzage jakar. Tef ɗin ya faɗo.

"Mi kaka yi da wanga? Tela kake, ko ƙasarmu kaz zo aunawa?"

Na ce gero za ni aunawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ɗan Najeriya mai auna hatsi da tef. Da na ce ni malamin makaranta ne sai ya ce, "A'a, ashe mushe na! Wuce, mushe, Allah Shi ba da sa'a." Daga nan har na bar ƙasar ba wanda ya sake ce mini malam. A can malam shi ne mai allo da tawada, mu masu alli mushe ne.

Na isa Gidan Rumji da la'asar, aka ce motar arewa sai gobe da safe. Ina tsaye ina tambayar masauki sai wani ɗan kasuwar albasa, Alhaji Mani, da muka ƙetare igiya tare, ya ce wallahi ba Bagobirin da zai kwana tasha yana garin. Ya kai ni gidansa, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Bayan magariba aka ɗora shayi a ɗan ƙaramin buta kan gawayi. Mu a gida shayi a babban kofi yake, da madara da burodi, ka sha ka tashi. Nan kuwa aka miƙo mini ɗan gilashin da bai kai babban yatsa ba, na kurɓa, ɗaci ya kusa tsinke mini harshe. Na daure na shanye, na yi godiya, na miƙe. Alhaji Mani ya kama gefen rigata.

"Ina za ka, mushe? Wanda yas sha na hwari sai shi jira na ukku."

Haka na koma na zauna. Na biyu ya fi sauƙi, na uku kuwa zaƙi kamar zuma, kuma kafin a kai gare shi na ba su labarin Baba kaf. Da safe aka kawo mini burodinsu dogo mai tauri, wanda ya kankare mini dasashi. Alhaji ya raka ni har tasha, ya damƙa ni hannun direba kamar amana.

Motar babbar kaminyo ce, wato ta ɗaukar kaya, mu a sama kan buhuna, mata da tsofaffi da awaki. Muka miƙi hanyar Dakoro. Tun ba mu yi nisa ba na lura gero yana raguwa. Wanda ke bakin iyaka ya fi mutum tsawo, nan ya dawo kafaɗa, itatuwa ma suka yi nisa da juna. Malanta ta motsa. Na juya wajen wani dattijo da ke kusa da ni, na shiga yi masa bayanin yadda ƙarancin ruwa da raunin ƙasa ke hana tsiro miƙewa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara rawaninsa ya ce, "To, mushe, mu ma mun lura." Can aka sauke ni a mararrabar Gidan Kalgo, ƙauyen Gwaggo Hassi.

Ila, babban ɗanta, shi ya zo tarona da amalanken jaki. Ɗan gwaggona ne, saboda haka taubashina ne, yana da izinin tsokanata yadda ya ga dama, kuma bai yi wasa da izinin ba. Tun daga nesa yake ihu, "Ga bawana ya iso! Hala yunwa tak koro ka daga Najeriya?" Gwaggo kuwa da ta gan ni sai ta rufe baki da gefen zane. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, goshinta da hancinta na Baba ne. Ta zaunar da ni, ta shiga tambayar mutanen Gangara ɗaya bayan ɗaya, wanda na ce ya rasu sai ta ce Allah Shi jiƙan shi, ta share ido, ta kira na gaba. Da na gaya mata halin da idanun Baba ke ciki da abin da ya aiko ni nema, sai ta ce, "Shina nan. Gobe mu tahi gona." Aka dama mini fura, na ji ta yi mini daɗi ƙwarai, amma na ɗora abin kan ƙishirwa da nonon shanunsu.

Da rana ta fito muka kama hanya, Gwaggo a gaba da 'yar wuƙarta, ni da Ila muna bin ta da ƙyar. Muka isa wata gona a kan tudun yashi, ta tsaya ta nuna da haɓa.

"Ga ɗan Alkalawa."

Na duba. Geron da ƙyar ya kai kafaɗata, karansa siriri, zangarniyar kuwa ko kamu ɗaya ba ta cika ba. Na fito da tef na auna ɗaya, na auna ta biyu, na zaɓi wadda ta fi duka na auna. Na yi tafiyar kwana biyu, na faɗi a yashi, na sha ɗaci, ga abin da na tarar.

"Gwaggo," na ce, "wanga ba shi na ba. Baba yac ce kamu biyu."

Ta shige cikin gonar ta bar mu tsaye. A raina na yanke cewa tsufa ne, iri ya cakuɗe mata tun tuni ba ta sani ba. Abin da ya biyo baya shi ne wanda nake jin kunyar rubutawa. Na tuna na ga dogayen zangarniyu a kasuwar Gidan Rumji. Na ce ai in na sayi irin waɗancan na kai, Baba zai auna da hannu ya ji kamu biyu, hankalinsa ya kwanta. Na raɗa wa Ila wannan dabara. A karon farko tun zuwana ya daina dariya.

"Kai, taubashi," ya ce, "makaho za ka yi ma wayo? Kuma ubanka?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ga Gwaggo ta dawo riƙe da zangarniya ɗaya. Ashe ta ji mu.

"Aje igiyar ga taka. Ba ni hannunka."

Ta kama tafina ta ɗora a kan zangarniyar, ta ja shi daga sama zuwa gindi. Na fizge hannu, don wani abu ya soke ni kamar ƙananan allurai. Na duba da kyau, sai ga gashi siriri gajere ɓoye tsakanin ƙwayoyin, ba ya fitowa fili sai ka shafa shi a juye.

"Wanga gashin shi ka hana tsuntsu zama," in ji ta. "Duk ƙauyen ga ba mai hatsin da ad da shi sai ni. Murje ka tauna."

Na murje 'yan ƙwayoyi, launinsu toka-toka da ɗan rawaya a gindi, na tauna. Ga wani ɗan zaƙi da ƙamshi a ƙarshen harshe, irin wanda na ji a furar jiya. Daga nan sai na tuna furar da mahaifiyata ke aiko mini makaranta cikin ƙullin tsumma.

"Biyo ni," ta ce.

Muka ratsa gonar har kusurwar gabas, inda ta yi iyaka da ta maƙwabci. Tun kafin mu isa na ga gero ya tashi kamar bango, kore shar, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. A gindin wata bagaruwa wani Bafulatani na tsaye da sanda a kafaɗa. Ila ya ce sunansa Bello, shi ke kawo shanunsa su yi rani a gonar. Al'adar ita ce shanu su ci kara su kwana a gona, su bar mata kashi, ita kuma Gwaggo ta ba shi hatsi. Shanun Bello ba su da yawa, saboda haka kusurwa ɗaya suke iya rufewa a shekara, kuma ranin da ya wuce nan ne mashekarinsu, inda suka yi zango. Ya zo ne ya ji yaushe za a gama girbi.

Na lanƙwaso wata zangarniya na auna. Saura kaɗan ta cika kamu biyu. Na shafa ta a juye, ta soke ni. Na murje na tauna, ɗanɗano ɗaya. Iri ɗaya ne Gwaggo ta zuba daga ƙwarya ɗaya, rana ɗaya, ruwan sama ɗaya ya sauka a kansu. Na tsaya ina kallon dogon, ina waiwayen gajeren. Gwangwanaye biyun nan nawa ne aka shimfiɗa mini a gaba da girman gona, ni kuma na zo da tef na ce ba 'yan'uwa ba ne.

Ila ya lura da fuskata. "Wai shin, taubashi, mi kaka koya ma yara can lakwal?" Haka suke kiran makarantar boko.

Da ina da wayo da na yi shiru. Sai na gaya masa gaskiya, har da wake da gwangwani. Ya yi dariya har ya zauna a kunya yana riƙe da ciki, ya fassara wa Bello wani ɓangare da Fulatanci don kada komai ya wuce shi. Bello mutum ne mai kawaici, murmushi kawai ya yi, ya ce, "Mushe, wanga tsawo dai shanuna sunka yi shi. In kana so in ba ka aron biyu ka kai lakwal."

Da dariya ta lafa sai na zaro wuƙar aljihu, na ce to alhamdulillahi, bari in yanki dogayen nan in kai wa Baba. Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Ba nan aka ɗibar iri ba."

Na ce ai iri ɗaya ne, yanzu ta nuna mini.

"Uwa ɗaya na, amma ka san uban? Dubi gonar Ɗan Jimma ga ta nan jingine. In hatsi ya yi bununi, wato hure, iska na kwaso nashi ta zuba ma na gehe. Wanga da kaka gani, ɗiyan da za shi haihwa rabi namu na, rabi na maƙwabta." Ta saki hannuna. "Kuma tsawon ga bai gwada maka komi. Kowane hatsi ya samu kashin shanu sai shi yi tsawo. Iri tsakiya aka ɗiba, inda ƙasa ta hi wuya. Wanda yac cika ido can, da ƙarhin kainai yac cika. Haka Inna tag gwada min, haka nika yi."

Muka koma tsakiyar gonar, inda yashi ya fi fari. Ta shiga bin kunya a hankali, tana shafa wannan ta wuce, tana matsa wancan ta wuce. Wadda ta zaɓa sai ta kasance ƙwayarta ta cika tam har bisa, gashinta ya yi kaifi, kuma ta riga 'yan'uwanta bushewa. Na tambaye ta dalilin na ƙarshen. Ta ce a ƙasarsu ruwa yana ɗaukewa da wuri, saboda haka tun shekarar farko wanda ya riga nuna take warewa, yanzu geron nata ya rage kwanaki masu yawa kan yadda ta san shi a Gangara. Jinkirin nunar nan shi ne laifin da na kama ɗan Alkalawa da shi har na sa aka yar da shi a gidanmu. Ita kuwa ta zauna da shi shekara arba'in tana gyara shi da 'yar wuƙarta. Ta san aikin sarai, sunansa na boko ne kawai bai dame ta ba.

Ta yanki goma sha biyu, ta ɗaure da kaba, ta naɗe a tsohon zane. Na dube su, na tuna hannun Baba da kamu biyunsa, na ji tsoro ya kama ni. Na roƙe ta ko ɗaya ce ta ba ni daga dogayen, in nuna masa shaida. Da ƙyar ta yarda. "A gwada mai, amma kada a shibka." Da za mu rabu washegari ta riƙe ni ta ce in gaya wa yayanta ba ta yar ba. Ila kuma ya ce in na koma in nemi makarantar da za a koya mini noma, shi zai sa hannu a takardar.

A kaminyon dawowa na rungume ƙullin nan a ƙirji kamar jariri. Doguwar ba ta shiga jaka ba, sai na soke ta a gefe, kanta ya leƙo ta bayan kafaɗata. Rana ta yi zafi, motar tana rangaji, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Abin da ya farkar da ni shi ne jan jakar da ake yi. Na waiwaya, sai ga wata jar akuya tana tauna cikin natsuwa, tana kallona ido cikin ido. Gashin da ke korar tsuntsu bai ce mata komai ba. Abin da ta bar mini bai wuce tsinke ba. Mai akuyar ta yi ta ba ni haƙuri tana danne dariya, har ta ba ni dabino. Na karɓa, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don shaidata kenan ta tafi. A bakin igiya jandarman nan ya gane ni, ya ce, "Mushe, ka auna?" Na ce na auna, an kuma auna ni.

Na isa Gangara kafin la'asar. Baba yana zaure kan buzunsa, ya jingina da bango. Na gaishe shi, na isar da gaisuwar Gwaggo, na ba shi labarin Ila da 'ya'yansa, na shiga labarin shayi mai hawa uku. Ina ta jan magana ne kawai, shi ma ya sani.

"Ina shi?" ya ce.

Na kwance zanen, na ɗora masa ɗaya a hannu. Ya ɗora gindinta a gwiwar hannunsa, ya kwantar da ita bisa damtsen zuwa yatsu. Ba ta kai ƙarshen yatsun ba. Ya ajiye, ya miƙo hannu, na ba shi wata. Ita ma haka. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na fara, "Baba, ka san ƙasarsu yashi ta, ga ruwa kaɗan, shi kuma tsiro abin da yag gada da wurin da..."

Ya ɗaga hannu. "Yi shiru, Nasiru."

Ya juya zangarniyar, ya ɗora babban yatsa a samanta, ya ja zuwa gindi. Na ga yatsan ya ɗan tsaya. Ya sake ja, a hankali wannan karon. Sannan ya murje 'yan ƙwayoyi a tafinsa, ya hure, ya zuba a baki, ya shiga taunawa da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya daɗe yana taunawa. Na ga ruwa ya taru a idanun nan da ba sa gani, ya gangaro ta kan zanen kumatunsa, bai share ba.

"Shi na," ya ce. "Namu na. Yunwa dai yas sha can wurin Hassi."

Na gaya masa ta ce ba ta yar ba. Ya gyaɗa kai. Can sai ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin wadda na sani tun ina yaro, ya ce a aika wa Jaɓɓi, Bafulatanin da ke yi mana rani a da, ya kawo shanu gonar bayan gari da zarar an kwashe kara. Ya ce a nemo masa sandarsa, gobe da hantsi in kama hannunsa mu je ya taka wurin da ƙafarsa. Ya ce kuma a dama masa fura, ko ta wane gero ce, yunwa yake ji.

Mun je gonar washegari, ya zaga ta kusurwa huɗu yana gaya mini inda za a shuka. Zangarniya goma sha ɗaya suna rataye a rumbu suna jiran ruwan farko. Ta sha biyun ya hana a rataye, tana cikin aljihun rigarsa, in ka je gaishe shi sai ya ce ka ba shi hannunka.